Neman gurbin digiri na biyu daga Kaduna: daga tara takardu zuwa ranar da suna zai fito

Duk shekara da zarar jami'o'i sun buɗe sayar da fom ɗin karatun gaba da digirin farko, za ka ga shagunan intanet na Tudun Wada da Kawo da Unguwar Rimi sun cika. A biya kuɗi, a ɗora hoto, a buga takarda, mutum ya naɗe ta ya sa a jaka ya koma gida yana cewa ya nemi mastas. Bai nema ba tukuna. Cike fom aikin awa guda ne, yaron shago ma zai yi maka. Abin da sashen jami'ar da ka nema yake dubawa fayil ne, kuma kusan rabin takardun da ke cikin fayil ɗin ba a hannunka suke ba. Suna hannun tsohuwar makarantarka da tsofaffin malamanka, mutanen da ba su san kana sauri ba. Rashin gane wannan ya ci mini shekara guda cur, zan zo kan labarin.

Duba takardarka kafin ka duba jami'a

Yawancin jami'o'inmu da ma'aunin maki 5 suke auna sakamako. Daga 4.50 zuwa sama shi ne mataki na ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 shi ne 2:1, 2.40 zuwa 3.49 shi ne 2:2, abin da ya yi ƙasa da haka har zuwa 1.50 kuma mataki na uku. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce mai 2:2 zuwa sama yana iya neman mastas kai tsaye. Mai mataki na uku, da wanda ya fito da HND daga makaranta irin Kaduna Poli, yawanci sai ya bi ta babbar difloma, wato PGD, ya yi shekara guda, ya fito da sakamako mai kyau, sannan ya nemi mastas. Wasu suna jin wannan kamar raini ne, sai su ƙi, su sayi fom ɗin mastas ko Allah zai sa a dace. Kuɗin fom ba a mayarwa.

Kuma cancanta daban, samu daban. A ce sashe yana da malaman da za su iya duba aikin ɗalibi talatin, mutum ɗari biyu suka nema, ai ka san daga sama za a fara ɗiba. Mai 2:2 da yake neman kwas ɗin da ake rububinsa, ya nemi jami'a biyu, kada ya rataya komai a ƙusa ɗaya.

Mai neman digiri na uku kuwa, makin mastas ɗinsa ake kallo. Galibi ana son 3.50 zuwa sama, wasu sassan sukan ɗaga shi sama da haka, wanda bai kai ba a tura shi M.Phil tukuna, wato matakin da ke tsakanin mastas da digiri na uku.

Wane mastas, kuma a ina

Mastas iri biyu ne, kuma masu sayar da fom ba za su zaunar da kai su bambanta maka ba. Akwai na bincike, irin su M.Sc da M.A da M.Ed, wanda bayan darussa za ka rubuta kundi ka kare shi gaban malamai har da mai jarrabawa daga wata jami'ar. Akwai na ƙwarewar aiki, irin su MBA da MPA, wanda aka tsara wa ma'aikata, darussansa sau da yawa ƙarshen mako, kuɗinsa kuma ya fi tsada. Idan ƙarin girma a ofis kake nema, na biyun ya ishe ka. Idan kuwa kana mafarkin koyarwa a jami'a ko yin digiri na uku, to ka sani jami'o'i da yawa ba sa karɓar mastas na ƙwarewa a matsayin tsani. Na san wanda ya gama MBA yana murna, ya je neman digiri na uku aka ce ya koma ya yi M.Sc.

Mu a nan ba mu rasa wurin zuwa ba. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda aka kafa a 1962, ita ce uwa, kusan babu fannin da ba ta da shi: mafi yawan tsangayoyi suna Samaru, shari'a da harkokin mulki suna Kongo, asibitin koyarwa yana Shika. Jami'ar Jihar Kaduna, KASU, da aka kafa a 2004, tana cikin gari a kan titin Tafawa Ɓalewa, da wani reshe a Kafanchan. Makarantar horar da hafsoshin soja, NDA, tana da makarantar karatun gaba da digiri a tsohon mazauninta na Ribadu, kuma tana ɗaukar farar hula, abin da mutane da yawa ba su sani ba. AFIT ta sojojin sama ta fi ƙarfi a fannin injiniya. Ga jami'ar NOUN ga mai son karatu daga gida, ga cibiyar horar da malamai ta NTI a Rigachikun ga wanda yake koyarwa ba shi da takardar malanta yana son PGDE, wato babbar difloma ta koyarwa.

Kada suna kaɗai ya ja ka. Daga Kaduna zuwa Zariya kimanin kilomita 80 ne. A taswira ba nisa, amma ka lissafa kuɗin mota daga tashar Kawo sau uku a mako har tsawon zango biyu, ka haɗa da ranakun da za ka je a ce Malam ya tafi taro. Wanda yake aiki a cikin gari ya yi wannan lissafin da biro da takarda. Ma'aikacin gwamnati kuma ya fara zancen izinin karatu da ofishinsa tun yanzu, a rubuce, domin akwai hutun karatu mai albashi akwai marar albashi, kuma takardar tana daɗewa tana yawo tsakanin tebura. Ke kuma da kike da aure da yara, ki gama magana da maigida da wadda za ta riƙe miki yara kafin sayen fom, domin kundin bincike ba ya san ranar suna ko ranar biki.

Tiranskirif: a nan ake faɗuwa

Tiranskirif shi ne cikakken bayanin makin da ka ci a kowane kwas tun daga aji ɗaya. Wanda ake karɓa ba ya bi ta hannunka. Tsohuwar makarantarka ce za ta aika shi kai tsaye zuwa makarantar karatun gaba da digiri ta jami'ar da kake nema, a rufe da hatimi ko ta hanyar intanet ɗin da suka amince da ita. Kofin da ake ba ɗalibi na dubawarka ne kawai.

Shekarar da na fara nema, na je makarantar da na yi digirin farko, na biya kuɗin tiranskirif, na karɓi rasit, na dawo Kaduna na miƙe ƙafa. Jerin farko ya fito babu sunana. Na ce na biyu. Na biyu ya fito, shiru. Sai a lokacin na wanke ƙafa na je sashen da na nema. Wani dattijon ma'aikaci ya saurare ni har na gama, bai ce komai ba, ya sunkuya ya shiga tona wani tarin fayil da ke jibge a ƙasa bayan ƙofa. Ya zaro nawa, ya kaɗe ƙura, ya nuna mini kalma biyu da aka rubuta da fensir a bangonsa: babu tiranskirif.

Na ce, "Baba, ai na biya tun wata biyar da suka wuce."

Ya ce, "Ɗana, biya daban, zuwa daban. Kai ko gaban kwamiti ba a kai ka ba. Duk tarin nan da kake gani irinka ne."

Da na koma tsohuwar makarantar, ashe makin wani kwas da na maimaita a aji biyu ne ba a gani ba a rajista, aka ajiye takardata a gefe ana jiran ranar da zan zo cigiya. Babu wanda ya kira ni, kuma ba aikin kowa ba ne ya kira ni. Kwana uku aka yi aka gyara, amma an riga an rufe ɗauka.

Saboda haka ga yadda za ka yi. Kada ka jira a buɗe fom, ba a fafe gora ranar tafiya. Wata biyu ko uku kafin lokacin, nemi kofin ɗalibi ka zauna ka bi shi layi-layi: duk kwasa-kwasan suna nan? Wanda ka maimaita an sa sabon makin? Jimillar ta yi daidai da matakin da ke kan shaidar digirinka? Sunanka fa? Idan akwai gyara, yanzu ne lokacinsa. Da an buɗe fom, ka samo ainihin adireshin da jami'ar ta ce a aika, harafi da harafi, domin wanda aka aika ofishin magatakarda alhali makarantar karatun gaba da digiri, wato PG, ake so yana iya yin watanni a ɗakin wasiƙu. Wasu jami'o'in suna ba da wata takarda mai lambar fom ɗinka da za a liƙa a jikin ambulan, kada ka manta da ita, ita ce take haɗa tiranskirif da fayil. Idan kamfanin aika saƙo ne zai kai, karɓi lambar bibiya. Bayan sati biyu ka je da kanka inda aka aika, ka nemi a duba littafin karɓar wasiƙu, ka rubuta ranar da ya iso da sunan ofishin da ya karɓa. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Wanda ya yi PGD ko HND, ko mai neman digiri na uku, sau da yawa tiranskirif fiye da ɗaya ake nema. Kuma ko da a jami'ar da ka gama kake neman mastas, kada ka ɗauka zai taka da ƙafarsa daga wannan ofis zuwa wancan.

Sauran takardun

Sakamakon WAEC ko NECO mai kiredit biyar har da Turanci, da lissafi a mafi yawan fannoni, a zama ɗaya ko biyu. Ee, har yanzu ana nemansa, ko ka shekara ashirin da barin sakandare. Shaidar gama bautar ƙasa ta NYSC, ko takardar ɗauke nauyi ga wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama, ko takardar keɓewa ga wanda ya yi karatun wucin gadi. Shaidar digiri, takardar haihuwa, ta ƙaramar hukuma, da hotuna.

Abin da ya fi damun mu Hausawa a nan shi ne suna. WAEC ta rubuta Mohammed, jami'a ta rubuta Muhammad, katin NIN ya ƙara sunan gari a ƙarshe, ranar haihuwa kuma kowace takarda da tata. Shimfiɗa su duka a kan tabarma ka gwama. Inda suka saɓa, je kotu ka yi takardar rantsuwa tun yanzu. Wadda ta koma amfani da sunan miji ta haɗa da shaidar canjin suna, ko kuma, abin da ni na fi ba da shawara, ta nemi gurbin da sunan da ke kan digirinta.

Masu ba da shaida da tsarin bincike

Ana neman mutum biyu ko uku da za su yi maka shaida, kuma an fi son malaman da suka koyar da kai, musamman wanda ya duba furojet ɗinka. Sarkin unguwa ko kawunka darakta ba za su yi amfani a nan ba, duk girmansu. Kada kuma ka sa sunan malami da imel ɗinsa ba ka gaya masa ba. Je ka gaishe shi, ko ka kira: "Ranka ya daɗe, ɗalibinka ne wane, na gama shekara kaza, kai ka duba aikina a kan kaza. Ina neman mastas ne, ina roƙon ko zan iya sa sunanka." Ka tura masa taƙaitaccen tarihinka da ranar da za a rufe. Malami yana da ɗalibai ɗaruruwa, tuna masa sau biyu cikin ladabi ba rashin kunya ba ne.

Mai neman digiri na uku, da wasu masu neman mastas na bincike, za a ce su kawo furofozal, wato tsarin binciken da suke son yi. Shafi uku zuwa biyar masu ma'ana sun fi ashirin na kwashe-kwashe. Faɗi matsalar, faɗi abin da aka riga aka yi a kanta, faɗi giɓin da ya rage, faɗi yadda za ka tattara bayani da inda za ka samo shi. Ka matse batun. "Matsalar ruwa a Arewa" ba bincike ba ne, taken lacca ne. Ingancin ruwan rijiyoyin burtsatse a Rigasa tsakanin damina da rani, wannan ana iya yinsa da kuɗin aljihunka. Sannan ka bincika ko sashen yana da malamin da fanninsa ke nan, domin furofozal mai kyau da babu mai duba shi ajiye shi ake yi. Shiga sashen ka gaisa da kodinetan PG, ka tambaye shi fannonin da suke ɗauka bana. Wannan ba kamun ƙafa ba ne, tambaya ce, kuma minti goma a ofishinsa ya fi sati guda a zauren WhatsApp.

Fom da biyan kuɗi

Shiga shafin jami'ar na ainihi, ba mahaɗin da aka turo maka ba. Jami'o'in tarayya galibi ta Remita ake biya, a ba ka lambar biya da ake kira RRR. Duk wanda ya ce ka tura asusunsa na kansa, ɓarawo ne. Sa lambar wayarka da imel ɗinka, ba na mai shago ba, ka rubuta kalmar sirrin a wuri mai aminci. Kafin a danna turawa karanta komai da idonka, musamman sunan kwas da ko cikakken lokaci ne ko na wucin gadi. Buga kofi biyu.

Sassa da yawa suna yin jarrabawar tantancewa ko ganawa, kuma sanarwar takan zo a ƙurarren lokaci. Tambayoyin daga darussan digirin farko ne da dabarun bincike, don haka kaɗe ƙurar tsofaffin littattafanka. A ganawa ka riƙe takardunka na asali, ka iya faɗin abin da kake son bincikawa cikin jimla uku.

Zaman jira

Wannan shi ne ɓangaren da babu mai gaya maka tsawonsa. Fayil ɗinka zai tashi daga makarantar PG zuwa sashe, kwamitin sashe ya zauna ya zaɓa, a kai tsangaya, a mayar wa hukumar makarantar PG, sannan a amince a saki sunaye. Kowane mataki sai an yi zama, zama kuma yana ɗaguwa. Shi ya sa sunaye suke fitowa kashi-kashi, kuma abokinka na wani sashen zai iya samun nasa wata biyu kafin naka ba don ya fi ka ba. Balle a ce yajin aiki ya faɗo a tsakiya. Na ASUU na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas, kuma ya hargitsa kalandar jami'o'i da yawa har bayansa.

Abin da yake cin rai ba jiran ba ne kaɗai, tambayar mutane ce. Ka fito masallaci a ce "Malam, ya labarin karatun?" Ka je gida Inna ta ce "Har yanzu shiru?" Da na sani, da ban gaya wa kowa ba sai mutum biyu. Amsa ɗaya ta isa: "Ana kai, a taya mu da addu'a."

Duba shafin jami'a sau biyu a mako ya wadatar, wanda yake dubawa sau goma a yini hawan jini kawai yake saya. Abin da ya kamata ka yi shi ne ka tabbatar sau ɗaya, da ƙafarka, cewa fayil ɗinka ya cika kuma ya isa sashe. Tambayar da za ka yi ke nan, ba "yaushe za a saki suna" ba, wadda ma'aikacin ma bai san amsarta ba. Bayan haka ka juya ga kuɗi, domin idan suna ya fito wa'adin biya gajere ne. Shiga adashi, ko ka ware wani abu duk wata. Leƙa hukumar ba da tallafin karatu ta Jihar Kaduna ka ji ko akwai abin da aka buɗe. Malaman manyan makarantun gwamnati su bi ta makarantarsu don tallafin TETFund, masu fannonin da suka shafi man fetur da makamashi su sa ido kan PTDF. Kada ka ajiye aikinka, kada ka kama ɗaki a Samaru, sai takarda ta zo hannu.

A wannan lokacin ne kuma masu "ina da mutum a ciki" suke fitowa. Za su kira ka da sunanka da kwas ɗinka, su ce saura gurbi biyu. Wasunsu jerin da ya riga ya fito suke leƙawa, su karɓi kuɗin wanda dama ya samu.

Idan waje kake hange

Lissafin ya bambanta, sai ka fara shekara guda kafin lokacin tafiya. Jami'o'in Amurka galibi suna rufe karɓa tsakanin Disamba da Janairu, amsoshi su fara zuwa Fabrairu da Maris, kuma da yawansu sun yi yarjejeniyar ba wanda aka yi wa tayin tallafi damar yin shawara har 15 ga Afrilu. Tallafin Chevening na Birtaniya ana buɗe shi a Agusta, yana neman shekara biyu na ƙwarewar aiki, wato awa 2,800, sakamakon ƙarshe kuma sai wajen Yuni. Akwai na Commonwealth, da DAAD na Jamus, da Erasmus Mundus na Tarayyar Turai. Sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS shekara biyu yake aiki, kada ka yi shi da wuri ya mutu a hannunka. Mai iyali ya sani tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin masu mastas na darussa tafiya da mata da yara. Kuma samun gurbi ba samun tallafi ba ne, karanta wasiƙar da kyau kafin ka yanka rago. Idan gurbin gida ya fito kana jiran na waje, ni dai ra'ayina ka karɓa, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Ranar da jerin ya fito

Idan sunanka yana ciki, gurbin na sharaɗi ne har sai an tantance takardunka na asali. Buga takardar, biya kuɗin amincewa cikin wa'adi, ka je tantancewa da asali da kofi uku-uku. Idan wani dalili ya hana ka farawa, rubuta takardar neman ɗage gurbin zuwa baɗi ta hannun shugaban sashe, ka jira amsa a rubuce. Yawanci sai ka yi rajista kafin a yarda a ɗage, wanda ya ɓace kawai kuwa gurbinsa ya tafi.

Idan babu sunanka har kashin ƙarshe, ba wa kanka kwana biyu ka huce, sannan ka je wurin kodineta ka tambayi dalili. Amsar ba ta wuce ɗaya daga cikin huɗu: takarda ba ta cika ba, makin bai kai ba, babu mai duba fanninka, ko gurbi ya cika. Ta farko gyaranta a ƙafarka yake, ta biyu PGD ce maganinta, ta uku ka sauya batu ko jami'a, ta huɗu ka sake nema da wuri ka haɗa da wata makarantar. Kafin ka fito daga ofishin, tambaye su ko tiranskirif ɗinka da ya riga ya iso zai yi aiki baɗi, ko sai ka sake biya an aiko sabo. Ni nawa yana nan a ajiye, dattijon nan ne ya cire shi daga tsohon fayil ya sa a sabon a gabana.